Yaya za mu sa samarin garinmu cikin shirin kare gonaki da dabbobi tun kafin ambaliya ta zo?

Tambayar ta fito ne daga wani malamin firamare a yankin Zaki da ke arewacin jihar Bauchi, wanda kuma shi ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinsu. Ya ce kusan kowace damina ruwa yana cin gonakinsu na fadama, wani lokaci ya haɗa da awaki da kaji, kuma duk da cewa garin cike yake da samari majiya ƙarfi, ba a ganin amfaninsu sai ranar da ruwa ya riga ya shigo. An taɓa kai wasunsu taron bita a birni, sun dawo da riguna da takardun shaida, amma babu abin da ya sauya. Yana neman hanyar da za a sa su cikin aikin da gaske.

Malam, Allah ya saka da alheri bisa wannan kishi. Zan fara da gyara ɗaya a kan tambayar. Samarin garinku sun daɗe a cikin wannan aiki, sai dai suna shigarsa ne a ranar da ta fi kowace haɗari. Su ne suke saɓa awaki a kafaɗa suna kutsawa cikin ruwa, su ne suke yankan shinkafar da ba ta gama nuna ba ruwa iya ƙirji, su ne suke kwana a kan tudu suna gadin shanu. Abin da ake nema shi ne a ɗauke wannan ƙarfi nasu daga ranar ambaliya a mayar da shi watannin rani da bazara, lokacin da aiki yake da sauƙi kuma babu ran da zai salwanta, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Dalilin da ya sa taron bita bai haifar muku da komai ba, a ganina, ba lalacin yaran ba ne. A garuruwanmu wanda yake jin gargaɗi daban, wanda yake yanke shawara daban. Waya tana hannun saurayi, shi ne yake ganin sanarwa a WhatsApp ko Facebook, amma gona da garke na mahaifinsa ne ko na yayansa. Yaro ɗan shekara 20 ba zai tsaya gaban mahaifinsa ya ce masa, "Baba, a kwashe shanu yau," a kwashe ba, abin da zai ji shi ne, "Yaushe aka haife ka da za ka koya mini ruwan garin nan?" Saboda haka zaman farko ba na matasa ba ne. A yi shi a ƙofar dagaci, tare da masu unguwanni, liman, sarkin noma, sarkin ruwa da arɗon Fulanin da ke kewaye da ku, a amince tun rani a kan ƙa'ida bayyananna: idan ruwa ya kai alama kaza, za a yi abu kaza, kuma sanarwar za ta fita da sunan dagaci. Da zarar an yi haka, saurayin da ya zo da labari ya zama ɗan aiken manya, maganarsa ta samu nauyi, kuma babu dattijon da zai ji an raina shi.

Aikin farko da ya kamata a damƙa wa matasa shi ne su tattaro abin da dattawa suka sani. Su rabu biyu-biyu, su zauna da tsofaffi maza da mata, su tambaye su inda ruwa ya tsaya a manyan shekarun ambaliya, musamman 2012 da 2022 da kuma 2024, shekarar da ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum. Kada a tsaya ga jin labari kawai. A tafi da dattijon ya nuna da hannunsa, a jikin tsamiya ko katangar masallaci ko ginshiƙin gada, a shafa fenti a wurin a rubuta shekarar. Daga nan a zana taswirar gari a kan babbar takarda, a nuna kwari da tudu, inda ruwa yake fara ɓallowa, gidajen da yake fara shiga, da hanyar da take fara nutsewa. Ba a buƙatar kwamfuta don wannan, ko da yake in akwai ɗalibin jami'a a cikinsu da ya iya ɗaukar wurare da waya, ƙari ne mai kyau. Amfanin wannan aiki bai tsaya ga taswira ba, domin dattijon da aka zauna a gabansa aka nemi iliminsa ba ya zama abokin gabar shirin daga baya.

Taswirar za ta tono muku matsalar da mutane da yawa ba sa hangowa, wato tudun da za a kai dabbobi yana da mai shi, kuma a watan Agusta akwai gero ko dawa a tsaye a kansa. Hanyar zuwa can ma, wadda a da burtali ce, mai yiwuwa an nome ta ta koma siririya, ko ta toshe gaba ɗaya. Idan ba a daidaita wannan tun rani ba, ranar da ruwa ya koro garke za a gudu daga bala'i ɗaya a faɗa cikin wani, domin shanu za su shiga shuka, kuma rigimar manomi da makiyayi ta fi ambaliya daɗewa a zukatan mutane. Ya kamata a zauna a gaban dagaci da arɗo a fayyace filin da za a tsugunar da dabbobi, filin makaranta ne ko na idi ko wata saura, a fayyace hanyar da za su bi, da yadda za a biya mai gona idan an yi masa ɓarna. Matasa su bi hanyar da ƙafa, su kafa alamu, su lura da tsawon lokacin da garke zai ɗauka kafin ya isa. Ina ba da shawara ƙwarai a sa samarin ruga a cikin wannan tawaga tun daga ranar farko, a matsayin 'yan kwamiti cikakku. Babu wanda ya fi su sanin ƙasa da halin dabba, kuma kwamitin da babu su a ciki ya rasa rabin idanunsa.

Sai batun gargaɗi. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen yanayin damina a farkon kowace shekara, inda take bayyana lokacin da ake sa ran faɗuwar ruwa, da ɗaukewarsa, da yankunan da za su iya fuskantar tsaikon ruwa a tsakiyar damina. Hukumar NIHSA, mai sa ido kan ruwan koguna, kuma tana fitar da hasashen ambaliya na shekara, tana lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. A naɗa matasa biyu su riƙa bibiyar waɗannan ta hannun malamin gona ko rediyo, su mayar da su Hausa da Fulatanci a saƙon murya. Amma a fahimci iyakar hasashen: yana magana ne a kan yanki, ba zai gaya muku daren da ruwa zai shigo unguwarku ba. Wannan kuwa kogin ne zai faɗa muku. Kogin Jama'are yana tasowa ne daga tsaunukan Jos, don haka ruwan da zai ci gonarku mai yiwuwa ya sauka ne a wuri mai nisa, ya iso muku rana tana haske. Mafita ita ce matasanku su ƙulla zumunci da takwarorinsu na garuruwan da ke sama da ku a bakin kogin, su yi musayar lambobin waya, ta yadda idan ruwa ya tashi a can za ku ji kafin ya iso. 'Yan'uwanmu na Gombe da ke zaune a ƙasan madatsar Dadin Kowa a kan kogin Gongola su ma haka za su yi, tare da ƙarin neman hanyar jin sanarwar masu kula da madatsar a duk lokacin da za a saki ruwa.

A bakin kogi a kafa sanda mai ƙarfi, ko a yi amfani da ginshiƙin gada, a raba ta kala uku da fenti bisa alamomin da dattawa suka nuna. Idan ruwa ya taɓa kalar farko, a kwashe injinan ban ruwa da taki da iri a kai tudu. Idan ya taɓa ta biyu, dabbobi su tashi. Ta uku ta mutane ce. Tun daga farkon marka har ruwa ya janye, a riƙa duba sandar safe da yamma ana rubutawa a littafi, kuma a raba kwanakin tsakanin mutane da sunayensu, domin aikin da aka ce na kowa ne yakan zama ba na kowa ba. Sanarwa kuma ta fita ta baki ɗaya, ta lasifikar masallaci da bakin sanƙira. Na nanata wannan ne saboda jita-jitar waya. Tsohon hoton ambaliyar wata ƙasa yakan yi ta yawo ana cewa madatsa ta fashe, kuma idan aka tayar da mutane da dare a banza sau ɗaya ko biyu, ranar da abin ya zama gaskiya babu wanda zai motsa.

Game da dabbobi, nan ne na fi son a tsaya a yi tunani. Mafi yawan asarar da nake gani a irin garuruwanku ba ta shanu ba ce, domin saniya tana iya iyo kuma tana da mai bin ta. Awaki da tumaki ne suke mutuwa, saboda da damina a ɗaure suke a turke don kada su shiga gona, ruwa ya zo da dare, masu gida su fita da yara, a manta da igiya. Kaji kuma suna rufe a akurki. Wannan asara ce da wuƙa ɗaya da kwando ɗaya za su iya hanawa, in dai an san wanda zai shiga wane gida. Saboda haka a raba gidaje tsakanin matasa, a fara da gidajen tsofaffi, da zawarawa, da waɗanda mazajensu suka yi tafiya.

A nan ne kuma za ku gane cewa kwamitin samari zalla ba zai wadatar ba. Awaki da kaji galibi dukiyar mata ce, da ita ake yi wa 'ya kayan ɗaki, da ita ake sayen magani, kuma saurayi baligi ba ya shiga gidan aure. Dole a samu 'yan mata da matan aure matasa a cikin shirin, ta hanyar makarantar Islamiyya ko wata dattijuwa da ake jin maganarta, su zama su ne masu isar da saƙo cikin gida, su ne kuma masu sanin inda aka ɗaure me. Ba sai sun zauna taro ɗaya da maza ba, in al'adar garin ba ta ba da haka ba, amma labari ya riƙa isa gare su a lokaci ɗaya da kowa. Wani abin lura shi ne ƙidaya. Mutanenmu ba sa son a ƙirga musu dabbobi, wasu don tsoron ɓarayi, wasu don tsoron baki, makiyaya kuma ba su manta da jangali ba. Kada matasa su shiga gida da biro suna tambayar adadi. Su tambayi abin da ya shafi aikinsu kawai: in ruwa ya zo, mutum nawa kuke buƙata su taya ku kwashewa?

Kai dabba tudu rabin aiki ne, ciyar da ita shi ne sauran. Saniya mai nauyin kilo 250 tana buƙatar busasshen abinci kimanin kilo 6 a rana, wato shanu 20 a kwana 10 za su ci kusan kilo 1,200. Da damina ciyawa tana ko'ina, amma tudun da gonaki suka kewaye, dabbobin gari duka suka taru a kansa, kwana biyu ya ishe su su mayar da shi fili. Harawar bara kuwa ta ƙare tun bazara. Don haka ko dai a ware wani kaso na harawa da dusa tun kaka a ajiye shi a wuri mai tsayi da sunan wannan rana, ko a shirya tawagar da za ta riƙa yanko ciyawa tana kawowa. Irin wannan aiki shi ne gayya ta saba yi tun kaka da kakanni, sai dai a sa masa rana.

Haɗa dabbobin gidaje da rugage daban-daban a wuri ɗaya hanya ce ta yaɗuwar cuta, musamman ciwon huhu da boru a shanu, da annobar mura da zawo a awaki da tumaki. Maganin wannan shi ne rigakafi kafin damina. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana samar da alluran rigakafi da dama, kuma ta ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ake neman su. Aikin matasa shi ne su nemi rana daga malamin dabbobi, su yi shela, su tara dabbobi, su kama su riƙe, su rubuta gidan da aka yi wa da wanda ya rage. Allura kuwa aikin wanda ya koya ne, kuma ina gargaɗi da kakkausar murya kada shirin ya zama ƙofar da kowane yaro zai sayi sirinji a kasuwa ya koma likita.

Bayan ruwa ya janye akwai haɗarin da ya kamata kowane matashi ya haddace. Ƙwayar cutar saifa (anthrax) tana iya zama a cikin ƙasa shekaru masu yawa, ambaliya kuma takan tono ta ta baza a makiyaya. An tabbatar da ɓullarta a Suleja ta jihar Neja a watan Yulin 2023. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci ko baki ko dubura, ba a yanka ta, ba a feɗe ta, ba a jan ta a ƙasa, ba a sayar wa mahauci, domin cutar tana kama mutum. A killace wurin, a kira malamin dabbobi. Na san yadda hannu yake saurin kai wa wuƙa don kada dabba ta zama mushe, shi ya sa ya dace a shigo da sarkin fawa cikin wannan magana tun da wuri. Sauran matsalolin, kamar ciwon kofato saboda tsayuwa a laka da ciwon hanta da ke biyo bayan kiwo a ruwan da ya kwanta, malamin dabbobi zai faɗi lokacin ba da magani.

A ɓangaren gona ba zan tsawaita ba, tunda manoma kuke. Iri shi ne abu na farko da za a tsirar, a zuba shi a jarka ko buhu mai leda a ciki a ɗora a sama, domin wanda ya rasa amfanin bana amma yana da iri da injin ban ruwa zai iya farfaɗowa da noman rani a kan danshin da ambaliyar ta bari. Akwai nau'in shinkafa FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a 2017, masu jure nutsewa a ruwa na kusan mako biyu. Ƙungiyar matasa za ta iya gwada su a ƙaramin fili ta hannun malaman gona na BSADP, hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Bauchi, mutane su gani da idonsu kafin su saya. Tawagar da ke duba kogi kuma ita ce za ta iya zagaya gonakin masara mako-mako tana leƙa cikin kunnen shuka don neman tsutsar nan mai cin masara (fall armyworm) da ta shigo ƙasar nan a 2016, ita ce kuma da kaka za ta share ciyawa kewaye da tarin dawa da harawa saboda gobarar hunturu. Wannan yana da amfani na biyu, wato kwamitin ba zai yi barci wata tara yana jiran ruwa ba.

Dole kuma a gindaya iyaka, domin ƙuruciya tana son nuna bajinta. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. Ƙa'ida ta zama cewa idan ruwa ya kai kala ta uku, an daina shiga don dabba ko buhu, ceton mutane kuma a bar wa masunta da masu kwalekwale ƙarƙashin sarkin ruwa. Yaran da ba su kai shekara 18 ba a ba su aikin tudu, kamar rubutu da kai saƙo da ba dabbobi ruwa. Macizai ma suna gudun ruwa zuwa tudun da mutane suka taru, su ɓuya a cikin kara da harawa, don haka dogon takalmin roba da tocila suna cikin kayan aiki. Wanda maciji ya sara a hanzarta kai shi asibiti ba tare da tsaga ko ɗaure wurin tamau ba. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya shahara a wannan fanni, amma yana da nisa da ku, saboda haka a bincika tun yanzu wane asibiti mafi kusa ne yake ajiye maganin dafi. Ƙungiyar Red Cross da 'yan agajin ƙungiyoyin addini suna koyar da taimakon gaggawa, kuma irin wannan horo shi ne wanda ya cancanci a tura yara.

Saura tambayar da na san tana ranka ko da ba ka rubuta ta ba: me zai riƙe su? Kada a yi musu alkawarin albashin da babu shi, domin ranar da aka gane babu, ranar shirin zai watse. Amma kada kuma a bar yaro ya riƙa sayen kati da man babur daga aljihunsa. A kafa ɗan asusu da kaka, kowane gida ya ba da mudu ɗaya ko biyu na hatsi, a sayar, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a. A ambaci sunayen masu aikin a gaban dagaci, a ba su matsayi a idon gari, wanda a wurin saurayi ba ƙaramin abu ba ne. A nisanta kwamitin da siyasar jam'iyya, in ba haka ba rabin gari zai ɗauke shi na wani ɓangare. Tunda da yawa suna tafiya cin rani, kowane aiki a ba shi mutum biyu, ɗaya daga cikin waɗanda ba sa tafiya. A kuma kai sunayensu da lambobinsu ofishin ƙaramar hukuma da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, SEMA, tare da koya musu ɗaukar hoton ɓarna da rubuta kwanan wata da sunan mai gona, domin idan jami'an tantancewa suka zo, garin da yake da rubutaccen bayani ya fi wuyar tsallakewa.

Kafin marka ta kankama, a ware yammaci ɗaya a yi atisaye. A yi shela kamar da gaske, a kwance awakin unguwa ɗaya a kora su ta hanyar da aka zaɓa har tudu, wani yana duba agogo. A nan za ku gano cewa lasifikar ba ta kaiwa unguwar gabas, ko wani ya yi shinge ya tare hanya, ko lambar wayar mutumin da ke sama da ku a bakin kogi ta daina shiga. A rubuta duk abin da ya bayyana a littafin da ake rubuta awon ruwa, a gyara shi cikin makon, littafin kuma ya zauna a gidan dagaci, inda wanda zai gaji aikin baɗi zai same shi.